Takobi a Gida, Takouba a Waje

Wanda ya buɗe kundin kayan ajiya na ɗaya daga cikin manyan gidajen tarihi na Turai ko Amurka, ya nemi makaman Afirka ta Yamma, ba zai daɗe ba zai ci karo da wata kalma da aka rubuta bisa ƙa'idar rubutun Faransanci: takouba. Bayanin da ke biye da ita kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Miƙaƙƙen makami ne mai kaifi biyu, tsawonsa ya kusa mita ɗaya, bakinsa a zagaye yake ba mai tsini sosai ba, an gitta masa ƙarfe tsakanin ruwa da mariƙi an naɗe da fata, sau da yawa kuma akwai kwarmi uku da suka bi tsawon ruwan. A ƙarshe sai a ce makamin Abzinawa ne, mutanen Sahara.

Bahaushe ba ya buƙatar tafinta kafin ya gane kalmar, domin tasa ce. Sai dai a bakinsa ba ta da wannan ƙuncin. A Kazaure, abin da barde yake ɗagawa sama idan ya zo jahi gaban sarki ranar hawan Sallah takobi ne. Wanda ke jikin tutar Saudiyya takobi ne. Zulfiƙar na Sayyadina Ali takobi ne, haka lanƙwasasshen da jarumin fim ɗin Indiya yake wasa da shi, haka siririn da hafsan soja yake riƙewa a fareti. A Hausa kalmar ta ɗauke kowane dogon ƙarfe mai kaifi da aka ƙera don yaƙi. A waje kuwa an matse ta, ta koma sunan iri ɗaya tak, aka kuma jingina irin ga al'umma ɗaya. Yadda hakan ta faru labari ne na fatauci da yaƙi da mulkin mallaka, kuma wani yanki nasa ya bi ta ƙasar Kazaure.

Kalma mai yawo

Abzinawa da kansu ba su matse kalmar ba. A harshensu na Tamashek, takoba na nufin takobi kawai, kowane iri. Zabarmawa suna cewa takuba. Siffar kalmar tana nuni zuwa arewa, domin a Tamashek harafin t a farkon suna alamar jinsin mace ce, kuma Hausa ta karɓi kalmomi da dama masu wannan siffa daga can, kamar takarda da tozali, baya ga raƙumi da ya shigo tare da dabbar kanta. Masanin harshe Maarten Kossmann ya rubuta littafi guda a 2005 a kan irin waɗannan kalmomi da suka shigo Hausa daga harsunan Berber. Da kalmar ta zauna a Hausa sai ta sake tufafi: ta ƙare da wasalin i, ta zama namiji, ta sami jam'i irin na gida, takubba. Babu Bahaushen da yake jin ta a matsayin baƙuwa a yau.

Akwai kuma kalma ta biyu mai faɗi kamar ta farko, wato kansakali, wadda ta shigo daga gabas, daga harshen Barebari. Ita ta fi zama a kirari da waƙa da tsohon rubutu, takobi kuwa ita ce ta kasuwa da zancen yau da kullum. Kalmomin nan biyu sun isa su nuna inda ƙasar Hausa take a taswirar makamai ta wancan zamani. Hanya ɗaya ta gangaro daga Azbin ta Agadas da Damagaram, ɗaya ta taso daga Borno, suka haɗu a Kano.

Abin da aka gani a Kano a 1824

Masarautar Kazaure da kaifin takobi aka kafa ta, kuma ba da wani baƙo aka yi faɗan ba. Ibrahim Ɗan Tunku, Bafulatani daga cikin Yarimawa, yana cikin waɗanda suka taimaki masu jihadi a kan Sarkin Kano Alwali. Bayan rasuwar Sarki Sulaimanu a 1819, da Ibrahim Dabo ya hau gadon Kano, garuruwa da yawa suka yi masa tawaye. Dabo ya murƙushe su ɗaya bayan ɗaya, amma Ɗan Tunku ya gagara. Duwatsun Kazaure suka zame masa garkuwa, aka shafe kimanin shekara biyar ana gwabzawa, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama ta hanyar amincewa da Kazaure a matsayin masarauta mai cin gashin kanta. Ɗan Tunku ya rasu a 1824, ɗansa Dambo ya gaje shi.

A watan Janairu na wannan shekara ta 1824 ne Hugh Clapperton, Baturen Birtaniya da aka sani a nan da sunan Abdullahi, ya iso Kano, ya tarar ana cikin yaƙin Ɗan Tunku. Ya duba makaman mahayan Kano ya bayyana takubbansu da cewa dogaye ne, miƙaƙƙu, masu faɗi. Ya ce ruwan takubban daga tsibirin Malta ake kawo su Bingazi a musanya da shanu, a ƙetaro Sahara da su zuwa Borno, daga nan zuwa ƙasar Hausa, sannan a Kano a yi musu mariƙi da kube a rarraba su cikin nahiyar. Ya yi imani cewa tsofaffin makaman mayaƙan Kirista ne na Malta, waɗanda Napoleon ya kora daga tsibirin a 1798. Wannan ɓangare na zancensa yana buƙatar taka-tsantsan, domin Turawan ƙarni na 19 suna da son jingina duk miƙaƙƙen takobin da suka gani a Afirka ga jaruman nahiyarsu na dā. Abin da ya gani da idonsa kuwa ba ya cikin shakka. Makamin da ke kafaɗar baraden Dabo, wanda suka fuskanci mutanen Ɗan Tunku da shi, shi ne mai siffar da gidajen tarihi suke kira takouba a yau, kuma ba Abzinawa ne suke riƙe da shi ba.

Shekara ashirin da bakwai bayan haka, a 1851, Heinrich Barth, wato Abdulkarim, ya zauna a Kano ya yi lissafin hajojin kasuwar Kurmi. Ya ƙiyasta cewa ana shigo da ruwan takobi wajen 50,000 a kowace shekara, kowane ɗaya a kan wuri 1,000, a lokacin da dalar azurfa ɗaya take daidai da wuri 2,500. Ya ce kusan duk waɗanda ya gani ƙirar Solingen ne, garin maƙera a Jamus, shi kuwa Bajamushe ne, ya san tambarinsu. Ƙiyasi ne na matafiyi, ba ƙidayar kwastan ba, amma ko an raba shi biyu adadi ne mai yawa. Muhimmin abu shi ne jerin masu saye da ya kawo: Abzinawan Kel Ewey da maƙwabtansu, Hausawa, Fulani, Nufawa, da Barebari. Wato Ba'abzinen da ya sauke gishirin Bilma a Kano yana iya komawa gida da takobin da aka haɗa a cikin birni.

Haɗin kuwa aikin hannu da yawa ne. Ruwan ya fito daga Jamus, ko daga maƙerar gida. Maƙeran baƙi, masu aikin baƙin ƙarfe, su suke gyara shi su wasa shi su sa masa ƙarfen gitta. Maƙeran fari, masu aikin tagulla da azurfa, su suke yi wa mariƙi da bakin kube ado. Dukawa suke ɗinka kube da jar fata da koriya. Sannan a sa masa hamila, igiyar da ake rataya shi da ita a kafaɗa, ita kuma sunanta Larabci ne. Makami ɗaya, amma ƙarfensa na Turai, fatarsa ta Kano, sunansa na Azbin, maratayinsa na Larabawa. Duk wanda ya ce na ƙabila ɗaya ne ya zaɓi sashe ɗaya ya bar uku.

Ƙasar da take arewa maso yammacin Jigawa a yau tana kan hanyar wannan ciniki, tana kuma bakin dāga. Har yanzu hanyoyi biyu na mota daga Kano zuwa Zinder ta nan suke bi, ɗaya ta Dambatta da Kazaure da Daura, ɗaya ta Ɓaɓura da Magarya. Ɓaɓura, wadda take ƙarƙashin masarautar Ringim a yanzu, a wancan lokaci ribaɗi ce ta Kano a hannun Dambazawa, tana tsaron iyaka da Damagaram. Roni da Gwiwa suna fuskantar ƙasar Katsina da Daura. Sarakunan Damagaram, daga Tanimu wanda ya sa aka ƙera igwa a Zinder har zuwa Ahmadu Kuran Daga wanda rundunarsa ta kai Gezawa a 1898, ba su bar wannan iyaka ta yi barci ba. Mahayin da ya taso daga Zinder da wanda ya fito tarbarsa daga Ɓaɓura ko Kazaure, harshe ɗaya suke yi, takobi iri ɗaya suke zarewa, mai yiwuwa ma daga rumfa ɗaya aka saye su.

Ƙananan sunaye

Mutanen da suke rayuwa da abu ba sa tsayawa ga sunansa na gaba ɗaya. Makiyayi ba ya cewa saniya kawai, yana da bunaji da rahaji da bokolo. Haka mayaƙan ƙarni na 19 suke da sunaye a ƙarƙashin takobi. Ƙamusun Bargery na 1934 ya adana da yawa daga cikinsu, Joseph Smaldone kuma ya tattaro su a littafinsa na 1977 a kan yaƙi a Daular Usmaniyya.

Miƙaƙƙe mai faɗi mai kaifi biyu, wanda ya fi yawa a hannun barade, shi ne fate-fate. Idan ana neman kalmar Hausa da ta fi kusa da abin da Turawa suke nufi da takouba, wannan ce. Wanda ruwansa yake sumul babu zane shi ne dunhu. Mai layi uku a tsawon ruwa shi ne tamogashi, ga layukan nan uku da kundin gidan tarihi yake ambata. Mai araha, wanda aka ƙera da ƙarfen da aka narka a gida, ana ce masa tama, sunan dutsen da ake fitar da ƙarfen daga cikinsa. Lanƙwasasshe mai kaifi ɗaya shi ne bisalami ko almulku. Akwai hankatilo, na Borno. Akwai hindi. Akwai lafaranji, mai kaifi ɗaya, wanda ya fito daga Turai.

Jerin ba na masana ba ne, na kasuwa ne da fagen fama, shi ya sa ma'auninsa ba ɗaya ba. Wasu sunayen siffa suke faɗa, wasu inganci, wasu kuma garin da abin ya fito. Dillali a Kurmi yana buƙatar bambanta dunhu da tamogashi saboda kuɗinsu ba ɗaya ba. Barde yana buƙatar sanin tama saboda ransa ya dogara a kan ko ƙarfen zai jure sara a kan kwalkwali ko zai lanƙwashe. Biyu daga cikin sunayen suna da 'yan'uwa a nesa. Hindi ya bi sawun Larabawa, waɗanda tun kafin Musulunci suke girmama ƙarfen Indiya har suka kira takobi mai kyau muhannad. Lafaranji kuwa daga kalmar da Larabawa suke kiran Turawa da ita ne, kuma a Indiya ma akwai takobin da ake kira firangi saboda ruwansa na Turai ne. Kano da Indiya ba su yi shawara ba, ciniki ɗaya ne ya haifar musu da suna ɗaya.

A saman waɗannan akwai sunaye na takubba ɗaiɗai. Fadar Katsina tana ajiye da Gajere, wanda ruwayar baka ta ce da shi Korau ya kashe Sanau ya karɓe sarauta. Asalinsa sifa ce, gajeren takobi, ta daskare ta zama sunan yanka. A Daura, maƙwabciyar Kazaure, akwai makamin da ake dangantawa da Bayajida da macijiyar rijiyar Kusugu, kuma ruwayoyin kansu ba su daidaita ba: wasu sun ce maƙeran Gaya wuƙa suka ƙera masa, wasu suka ce takobi. Iyakar da ke tsakanin kalmomin biyu ba ta taɓa zama ta awo da ma'auni ba. A. D. H. Bivar ya zagaya fadojin Arewa ya duba irin waɗannan kayan sarauta, ya wallafa abin da ya gani a littafin Nigerian Panoply a 1964.

Saboda haka tsarin Hausa hawa uku ne: takobi ko kansakali a sama, fate-fate da bisalami da sauransu a tsakiya, Gajere da ire-irensa a ƙasa. Abin da ya faru a waje shi ne an ɗauko kalmar hawan sama an sauko da ita hawan tsakiya.

Yadda aka matse ta

Rubutun kalmar ya tona asirin hanyar da ta bi. Haɗin haruffan o da u a tsakiyar takouba salon Faransanci ne na rubuta wasalin u. Faransawa sun shigo Sahara daga Aljeriya, Abzinawa ne mutanen da suka fara tarewa a gabansu, suka kuma fi kama tunaninsu. Henri Duveyrier ya wallafa littafinsa a kan Abzinawan arewa a 1864. A 1881 Abzinawa suka hallaka tawagar Kanar Flatters. A 1902 aka yi yaƙin Tit a duwatsun Ahaggar, a 1916 Kawsan ya yi wa sansanin Faransawa a Agadas ƙawanya. Charles de Foucauld ya shafe shekaru a Tamanrasset yana haɗa ƙamusun harshen. Hoton mutum mai amawali a kan raƙumi, da takobi a gefe, ya shiga littattafai da katunan gaisuwa na Faransa. Hafsan da ya tambayi Ba'abzine sunan abin da ke rataye da shi, amsar da zai samu ita ce takoba. Mai amsawa takobi yake nufi. Mai tambaya kuwa yana da kalmarsa ta takobi tun daga gida, ba ya buƙatar wata, don haka ya ajiye sabuwar don wannan iri kaɗai.

Haka abin yake faruwa a ko'ina, kuma Hausawa sun ga irinsa a kan abinci. Suya a Hausa aikin soya kowane abu ne, suyar ƙosai, suyar gyaɗa, suyar nama. Da kalmar ta sauka Ikko, daga can ta wuce Landan, sai ta zama sunan tsire kawai. A fagen makamai misalan sun fi yawa. Gladius a Latin takobi ne kawai, yau sunan gajeren takobin sojan Rum ne. Shamshir a Farisanci, kilij a Turkanci, talwar a harshen Hindi, saif a Larabci, duka ma'anarsu takobi, amma a littattafan masu tara makamai kowanne ya zama iri na musamman mai lanƙwasa da mariƙi nasa. Wanda ya fi ban mamaki shi ne na Sudan. Miƙaƙƙen takobin mayaƙan Mahadi, wanda sojojin Birtaniya suka kwaso da yawa bayan yaƙin Omdurman na 1898, a Turai ana kiransa kaskara. Mutanen Sudan ba sa kiransa haka, saif suke cewa. Kaskara daga yankin Tafkin Chadi ta fito, 'yar'uwar kansakali ce. Wato kalmomin nan biyu da Bahaushe yake amfani da su ga abu ɗaya, a kundin Turai sun zama sunayen makamai biyu daban, ɗaya na Sahara ɗaya na kogin Nilu.

Ba laifi ba ne masani ya nemi gajeren suna ga siffar da yake nazari, kuma siffar tabbatacciya ce. Wanda ya jera takobin Agadas da na Omdurman zai ga bambanci a ƙarfen gitta da kan mariƙi da bakin kube. Haƙƙin Abzinawa a kan makamin ma ba ƙarami ba ne. A wurinsu alamar ɗa ne kuma alamar balaga, yana tafiya tare da amawali, maƙeransu da ake kira inadan sun ƙware a kansa, sun kuma riƙe shi a rayuwar yau da kullum bayan wasu sun ajiye. Ƙwararru irin su Lloyd Cabot Briggs, wanda ya yi nazarin tamburan Turai a kan takubban Abzinawa a 1965, sun san cinikin ya fi ƙabila ɗaya faɗi, masu tara makamai kuma sukan ware ƙirar Hausa da ta Bida mai mariƙin tagulla. Matsalar tana ga ɗan gajeren rubutun da ke manne a gilashi, wanda shi kaɗai yawancin mutane suke karantawa. A can babu wurin Kurmi ko dukawan Kano, balle yaƙin Ɗan Tunku.

Wannan ba zancen alfahari ba ne kawai. A zamanin da ake muhawarar maido da kayan tarihin Afirka daga Turai, abin da aka rubuta a kundi shi ne hujjar farko ta inda abu ya fito. Sojojin Lugga sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, suka kara da mahayan Waziri Ahmadu a Kwatarkwashi a cikin watan, suka shiga Sakkwato a watan Maris, suka gama da Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli. A irin waɗannan yaƙe-yaƙe hafsoshi sukan tsinci makamai su tafi da su gida a matsayin tsaraba. Takobin da ya bar hannun iyalan hafsa ya shiga kasuwar gwanjo babu takarda, siffarsa kaɗai za a duba a sa masa suna, sunan da siffar take jawowa kuwa shi ne takouba na Abzinawa. Ta haka makamin da aka ɗauka a Kwatarkwashi zai iya ƙarewa a ƙarƙashin taken Sahara.

Abin da ya faru a gida

Yayin da kalmar take ƙuntata a waje, a gida akasin haka ne ya faru. Hawan tsakiya ya rushe, aka bar kalmar sama ita kaɗai. A Kwatarkwashi mahaya masu takobi da mashi sun yi ta kai hari a kan 'yan tsirarun sojoji masu bindiga, ba su iya keta su ba. Daga 1903, zamanin Sarkin Kazaure Mayaƙi, takobi ya fita daga fagen fama ya koma kayan ado da alamar sarauta. Da ran mutum ya daina dogara a kan bambancin tama da tamogashi, sai bambancin ya daina buƙatar suna. Matashi a Roni ko Gwiwa da aka ce masa fate-fate yau, kwanon abinci zai hango. Bisalami da hankatilo sun koma cikin ƙamus. Har ma akan ji Bahaushe ya ga miƙaƙƙen takobi mai jan kube ya ce takobin Buzaye, saboda a hannun masu gadi da suka gangaro daga Nijar bayan farin shekarun 1970 ya saba ganinsa. Kalmar Buzu kanta ta yi irin tafiyar, amma a juye: asalinta sunan rukunin bayi da barorin Abzinawa ne, Hausa ta faɗaɗa ta ta rufe al'ummar duka.

Makamin dai bai ɓace ba. A kowace Sallah yana fitowa a Kazaure, inda Sarki Najib Hussaini Adamu yake kan gado tun 1998, hakiman Roni da Gwiwa da 'Yankwashi suna shigowa da jama'arsu. A Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallah na Kano cikin jerin al'adun duniya da ake kiyayewa. Sai dai takubban da ake gani a hawa ba tsara ɗaya ba ne. Wasu sababbi ne, an ƙera su da ƙarfen sifirin mota, wanda maƙeran Sahel suka daɗe da gano ingancinsa. Wasu kuwa gado ne, sun fi ƙarni, ruwansu ya ƙetaro Sahara a kan raƙumi, an sake musu kube sau uku ko huɗu. Daga nesa kamanninsu ɗaya, kuma kalma ɗaya ce take rufe su duka. Gidan da ya san yana da takobin kaka, amma bai san ko dunhu ne ko tamogashi ba, ba shi da hanyar bambanta abin da ya cancanci ajiya da abin da za a iya ba yaro ya hau da shi.

Shaidar tana jikin ƙarfen, kusa da mariƙi. Akwai masu tambarin jinjirin wata biyu masu fuskar mutum, akwai masu kura ko kerkeci a guje, tsohon tambarin maƙeran Passau da Solingen, akwai masu zaki, akwai masu ƙwallo da gicciye a kansa. Karanta su yana buƙatar ido, domin maƙeran Kano da Agadas sun gane cewa mai saye yana neman tambari, sai suka riƙa buga irinsa a kan ƙirarsu, har jinjirin watan ya zama ado na gida. Na asali yakan fito da zurfi da tsabta saboda da hatimi aka buga shi tun ƙarfe yana da zafi, na kwaikwayo kuwa sau da yawa da kurfi aka zana shi, layinsa yana rawa. Kwarmin ma haka, na masana'anta yana tafiya santal, na hannu yana ɗan karkata. Waɗannan alamu ba su da zurfin da ya wuce kaurin farce. Tsatsa tana cin su, amma abin da ya fi cin su shi ne gyaran jajibiri, lokacin da ake fito da takobin a goge shi da yashi da toka, ko a kai shi ga mai injin wasa wuƙa a kasuwa, don ya yi ƙyalli a gaban sarki.